Mutumin da Ya Durƙusa a Hoton Auta

Asabar, 8 ga Maris

Na je aski, can ma na tarar da shi. Mai askin ya rataye shi a saman madubi, daidai inda hoton shugaban da aka kora yake da, ko ƙusar bai canja ba. Haka na zauna ana yi mini aski ina kallon ƙeyata a bango.

Hoton da Auta ta ɗauka. Mutum ɗaya durƙushe a kan kwalta, ya ba kyamara baya, hannayensa biyu a ƙasa, motar sulke ta tsaya a gabansa, titi fayau ba kowa. Yanzu ko yaro ka ce wa "juyin juya hali", abin da yake gani a ransa ke nan. Dubban mutane suka fito, aka sha barkonon tsohuwa, aka rasa rayuka, gwamnati ta faɗi, amma duk an tattara an zuba cikin hoto ɗaya. Hoton ma karkatacce! Duk wanda ya san aikin zai ga ya jirkice hagu.

Shekara ashirin da biyu ina yi wa jarida ɗaukar hoto. Auta fa, ƙanwar ƙanwata, hoton fasfo take ɗauka da na amare. Ni na koya mata riƙon kyamara, ni na koya mata a danna tukuna a yi kuka daga baya. Kyamarar ma tsohuwata ce na ba ta aro.

Mai askin ya ce, "Malam, ku masu hoto, ko ka san wadda ta ɗauka?" Na ce masa ya kula da kunnena.

Lahadi, 9 ga Maris

Gidan Mama. Ta sa an yi masa firam mai ruwan zinariya, ta ɗora a kan talabijin. Hotona da na ɗauka na ambaliyar ruwa, wanda ya shekara goma a wurin, an mayar da shi kusa da firji.

Maƙwabta sai shigowa suke. Mama na ta faɗi, "Autata ce, wallahi autata ce." Wata ta juyo ta ce da ni, "Kai ma ai ka ɗan taɓa hoton, ko?" Ɗan taɓa. Na yi dariya har haƙorana suka bushe.

Auta ta gaishe ni a durƙushe kamar kullum, "Yaya, ina wuni," amma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta rame. Suna ne, ai suna ma yana da nauyi, in ji masu shi.

Litinin, 10 ga Maris

Bari in rubuta ko sau ɗaya, tunda takarda ba ta da baki.

Ni ne mutumin.

Ran Talatar nan ta zanga-zanga ina shataletalen da ke gaban shagon Auta, cikin taro, ina aiki. Sojoji suka fara matsowa, na ɗaga kyamara, na danna, ta ƙi. Katin ajiyar hotuna ya cika. Cike da me? Da hotunan ministan tsohuwar gwamnati yana yanka kyalle a bikin buɗe wani ofishi. Ban share ba. Ni da nake zagin sababbin ma'aikata a kan wannan, ni da nake cewa wanda bai share kati da daddare ba ya koma sayar da katin waya.

Na zaro sabo daga aljihu, sai ya suɓuce ya faɗi. Abu kamar farce, baƙi, a kan baƙar kwalta. Daidai nan aka harba barkonon tsohuwa, kowa ya watse. Ni ban ma san an watse ba. Na durƙusa ina laluben ƙasa, idona na zubar da ruwa, ina zagin kaina. Da na ɗago, sai ga ƙarfe a gaban hancina. Motar ta tsaya. Na cafki katin, na ranta a na kare. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Shi ke nan jarumtar. Kyamarar tana kan ƙirjina, ba a ganinta ta baya. Auta tana saman benen shagonta, ta danna. Kafin magariba hoton ya zagaye wayoyin duniya, washegari gari ya fito ƙwai da kwarkwata, ran Alhamis gwamnati ta faɗi.

Ta san ni ne. Ita ta saya mini shuɗiyar rigar. Ba ta ce komai ba, ban ce komai ba. Da farko don kada a kama ni ne. Yanzu ba mai kama kowa, amma har yau shiru.

Abin da ke ci mini rai: tana kallon mota za ta niƙe yayanta, ta tsaya tana ɗaukar hoto.

Laraba, 12 ga Maris

Edita ya kira ni ofishinsa. Na ɗauka maganar hotunana na ran Laraba ce, ranar babban maci. Na kai masa su tun tuni: mata riƙe da hannun juna a gaban gada, wani soja yana kuka, takalma warwatse a titi bayan harbi. Wallahi ba yabon kai ba, ban taɓa aiki kamar na ranar ba. Guda biyu ya buga, ƙanana, a shafi na bakwai, kusa da tallan katifa.

Ashe ba su ba ne. Ya ce, "Ƙanwarka ba ta ɗaga waya. Ka lallaɓa mana ita ta ba mu hira mana." Ya ƙara da cewa mutane ba sa iya riƙe hoto ɗari a kai, guda ɗaya suke so, wanda za su gane ko daga cikin mota ne.

Na zama ɗan aiken Auta ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhamis, 13 ga Maris

An buga hoton a riguna. Na ga ƙeyata a ƙirjin wani mai tura baro.

Asabar, 15 ga Maris

Yau na ga ikon Allah. Wani ƙato mai tumbi ya fito a talabijin wai shi ne ya durƙusa. Har da share hawaye. Wai ya ce wa direban motar, "Taka ni, amma ba za ka taka ƙasata ba." Kai jama'a! Wannan ko a buhu aka sa shi ba zai shiga rigar nan ba. Shi ne na uku da ya fito, kuma na ji ana maganar a ba shi kujera a sabon kwamitin matasa.

Bayansa wani malamin jami'a ya yi bayanin cewa siririn baƙin layin da ke wuyan mutumin alamar ƙangin bauta ce. Igiyar kyamara ce, ranka ya daɗe.

Da ina kishin mutum ɗaya. Yanzu ina kishin Auta, ina kishin mai tumbi, har mutumin cikin hoton ma ina kishinsa. Shi ana sonsa. Ni kuwa da na ba shi aron bayana ko sannu.

Talata, 18 ga Maris

Maman yara tana gyaran durowa ta zaro shuɗiyar rigar daga ƙarƙashin barguna. Ta ɗaga ta, ta nuna facin kafaɗar da ita ta ɗinka da hannunta.

Ta ce, "Shekara nawa ina kallon bayan nan yana fita daga gida? Tun ranar na gane."

Na ce to me ya hana ta magana. Ta ce jira take in gaya mata abin da nake nema a ƙasa, don ta san ni, ba na durƙusa wa kowa sai in wani abu nawa ne ya faɗi. Da na gaya mata, ta yi dariya har ta zauna a bakin gado, daga nan dariyar ta koma kuka, ta doke ni da rigar. "Saboda kati za ka mayar da 'ya'yana marayu?"

Da ta huce ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce, Baban yara." Na ce wa ya ce hassada nake. Ta ce ba kowa.

Juma'a, 21 ga Maris

An ba Auta lambar yabo daga ƙasar waje. Za kuma a yi baje kolin hotunan juyin juya halin a babban ɗakin karatu ran 5 ga wata mai zuwa, nata ne a bangon tsakiya, tsawonsa ya fi mutum. Nawa ba a tambaya ba.

Wasu baƙi suka kira wayata sau uku, suna neman lambar wayar "ƙwararriyar mai hoton". Na ba su. Na ba su daidai ma, Allah ya gani, ko da yake na daɗe ina kallon lambar ƙarshen.

Ƙwararriya. Ta san me ake kira haske? Sa'a ce kawai, tsuntsu daga sama gasasshe. Bene ya ba ta, rana ta ba ta, ni na ba ta sauran.

Litinin, 24 ga Maris

Na kira mai shirin safe na talabijin, tsohon abokin aikina. Na ce ina da labarin da zai girgiza gari game da hoton. Ya ce in zo Talata ta sama. Zan tafi da rigar, da igiyar kyamarar, in juya wa kyamararsu baya kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba don Auta ba ne. Don gaskiya ne. Aikinmu ke nan, mu nuna abin da ya faru, ba abin da mutane ke so ya faru ba. Hoton da aka gina a kan kuskure ƙarya ne, ko da kuwa ba wanda ya shirya shi.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Ya yi kyau. Kusan na yarda.

Laraba, 26 ga Maris

Wani dattijo ya zo ofis, tsohon direban bas. Ya zaga gidajen jaridu duka, aka ce masa ni ne na fi kowa ɗaukar hotunan ranar macin. Ɗansa yana cikin waɗanda aka harbe a gada. Yana aji uku a makarantar koyon aikin jinya. Ya ce ba su da hotonsa na kirki sai na katin makaranta, ko na gan shi, riga rawaya.

Na ba shi kujerata, muka yi ta wuce hotuna a kwamfuta. Can ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Tsaya, ɗana."

Yaron na tsakiyar taro, baki buɗe yana dariya, ya ɗaga hannu biyu sama. Abin da ya ɗaga, hoton Auta ne, an buga a farar takarda. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna, kuma sai yau na lura da abin da ke hannunsa.

Dattijon ya ce ran Talata da yamma yaron ya nuna masa waya ya ce, "Baba, mutum ɗaya ya durƙusa a gaban mota, mu muna gida muna kallo?" Uwar ta kulle ƙofa, ya haura katanga.

"Uwarsa cewa take mutumin nan ne ya kashe mata ɗa," in ji shi. "Ni kuma nakan ce mata a'a, namiji ya gani ya bi. Da wannan nake lallashinta ta ci abinci."

Ya tambaye ni ko mu 'yan jarida mun san ainihin mutumin, don shi bai yarda da mai tumbin nan ba. Na ce ana bincike. Na buga masa hoton babba, na raka shi har bakin titi. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage.

Alhamis, 27 ga Maris

Ban je aiki ba. Na ce zazzaɓi.

Lahadi, 30 ga Maris

Na je shagon Auta ban gaya mata ba. A rufe yake ta waje, tana ciki. Labulen da take sa wa masu fasfo a baya ya yi ƙura. Kyamarar tana cikin jaka a kan kanta, zip a rufe. Ta ce tun ranar ba ta taɓa ta ba.

Na zo da maganata a shirye, na yi ta maimaita ta a hanya. Na ce ran Talata zan fito a talabijin. Na zuba ido in ga ta firgita.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Wai ta gaji. Wai kullum sai wata uwa ta zo ƙofar shagon, wata ta gode mata, wata ta tsine mata, ita kuma ba ta da bakin cewa komai, don sirrin ba nata ba ne. Ta jawo durowa ta miƙo mini hoto. Wanda ya biyo bayan shahararren ne: ni a guje, fuskata a fili, baki a wage, kati a tsakanin yatsu, takalmi ɗaya ya fita. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Ta ce, "Ka tafi da shi, Yaya, ya fi rigar zama shaida."

Wannan ya ƙara ƙona mini rai, ban san dalili ba. Na so ta roƙe ni. Sai kawai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba: kina kallo za a taka ni, kika tsaya ɗaukar hoto.

Ta dube ni, karon farko tun ranar.

"Kai ka ce. A kan benen nan ka ce mini, in abu ya faru ki danna tukuna, ko ni kika gani a ƙasa. Na yi ta ihu Yaya, Yaya, ba ka ji. Na ga ba zan iso ba ko na diro. Na ce in sun kashe ka, kada gobe su ce ba su ba ne. Shi ya sa."

Ta ce rabin jikinta a waje yake, ta ratayo ta kan ƙarfen benen, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya da kyamara, ko leƙa idon kyamarar ba ta yi ba. Wata maƙwabciya ce ta riƙe mata ƙafa. Ita ce ma ta karɓi hoton ta tura wa mutane, Auta na zaune a ƙasa tana amai.

Shi ya sa ya karkace.

Na ce shagon nan yana buƙatar shara. Na ɗauki tsintsiya.

Talata, 1 ga Afrilu

Mai shirin safe ya kira sau huɗu. Na ce masa labarin bai nuna ba tukuna. Ya ce na ɓata masa shiri, na ce ya gayyato mai tumbi.

Ba fasawa na yi ba. Ɗagewa ce. Wata rana za a faɗa, ni da ita tare, kuma gidan dattijon nan za mu fara zuwa kafin kowane gidan talabijin. Yaushe, ban sani ba. Abin da na sani, motar dai ta tsaya da gaske, yaron kuma ya fito da gaske. Sauran ban iya warware shi ba.

Hoton guduna yana cikin durowa tare da rigar. Maman yara ta gani ta ce ashe haka na iya gudu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Baje koli. Na ce ba zan je ba, Mama ta ce in zo in kai ta, ƙafarta na ciwo. To.

Mun isa da wuri, ana kan rataya. Ashe Auta ta ƙi sa hannu sai an ba hotunana bango guda. Bangon kusa da ƙofar fita ne, inda ake ajiye abin kashe gobara. Ban ce na gode ba. Yaron mai riga rawaya yana tsakiya, sun buga shi da kyau, ba laifi.

Nata kuwa ya cika bangon tsakiya. Wani saurayi cikin masu shirya wurin yana tsaye da mai buga hotunan, yana cewa a sake bugawa kafin baƙi su iso, a miƙar da shi a kwamfuta, karkacewar tana damun ido. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ce duk wanda ya taɓa karkacewar nan sai na karya masa yatsa. Ya ce, "Malam, kai wane ne?"

Na tsaya. Ga ƙeyata a bango, ta fi kan mutum girma, ga facin Maman yara a kafaɗa. Kalma biyu ce kawai, tana kan harshena, na daɗe ina ɗauke da ita.

Na ce, "Yayan mai hoton ne."

Auta tana bayana ashe. Na lura jakar kyamarar tana kafaɗarta, sai na ce ta kawo in gani. Na buɗe, na duba. Kati a cike, tun na ranar, ba ta share ba. Na zaro sabo daga aljihuna na sa mata, a hankali, da hannu biyu.

Har yanzu ina ganin da ni ne a benen da na fi ta ɗauka. Amma da ya miƙe.